DAJIN DA AKA ZAƁA WA MAMA

Shafi na 17

Masu cika min akwatin saƙo tun jiya, na gan ku, ku yi haƙuri. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto cewa na cika zargi, wai yayata Imogen mutuniyar kirki ce tunda ita ta kawo shawarar a kai mahaifiyarmu hutu daji don murnar cikarta shekara tamanin, ki gyara zama. Ki karanta shafin nan har ƙarshe, sannan ki dawo ki maimaita min.

*

Mun gama cin abincin Lahadi ke nan a gidan Mama, ko kwanuka ba a kwashe ba, Imogen ta ture farantin gasasshen dankali gefe ta buɗe kwamfutarta.

"Yau za a gama maganar nan," ta ce. "Hutun Oktoba ne fa. In muka ƙara jan ƙafa, ko bukkar mai gadi ba za mu samu ba."

Ni aka ɗora wa aikin nemo wurin da ya fi, kuma na yi shi tsakanina da Allah. Har idona ya yi ja wajen duba wanne ne gidajen katakonsa ke da murhun itace, wanne ne ke da kwamin ruwan zafi a bayan gida, wanne ake kawo maka burodi da ɗuminsa har ƙofa, wanne ne ruwan wurin ninkayarsa ba zai daskarar da ƙashin tsohuwa ba. Na zaro ƙasidar daga jaka na shimfiɗa a tsakiyar tebur, ina jin kaina kamar wadda ta ci jarrabawa.

"Wrenholt," na ce. "Babu wanda ya kama ƙafarsa. Hanyoyinsa a shimfiɗe suke, babu hawa babu gangara. Suna da 'yar motar lantarki mai ɗaukar tsofaffi. Ga shi kusa da gida. Kuma can muke zuwa muna yara."

Mama ta ajiye kofin shayinta, fuskarta ta washe.

"Wrenholt! Inda babanku ya faɗa tafki da keke!"

"Shi fa, Mama."

"Ya fito da ciyawa a ka, yana rantsuwa wai agwagwa ce ta sha gabansa." Ta yi dariya har da share ido. "Arthur ke nan. Har ya mutu bai yarda shi ne bai iya birki ba."

Na kalli mijina Gavin ina jiran ya sa baki. Mutumin da ko kalar labule sai ya yi gardama a kai, yau kansa na cikin kwanon gasasshiyar tuffa, yana ta juya cokali. Ban kawo komai a raina ba. Ni fa wani lokaci kaina a kwance yake.

"Wrenholt ya tsufa," in ji Imogen, ko kallon ƙasidar ba ta yi ba. "Yanzu kowane kare da doki can yake zuwa. Wurin ninkayarsu kamar kasuwa. Callowmere za mu."

"Callowmere? Can ƙuryar arewa? Tafiyar rabin yini ce fa. Ciwon bayan Mama fa?"

"Bayan Mama lafiyarsa ƙalau in dai tsintar tuffa ce."

"Na karanta labarinsa, ko sabis na waya babu a wurin."

"Ai daɗinsa ke nan."

"Babu bas, babu tashar jirgi a kusa. In ka sauke kaya ranar Litinin ka kai motarka filin ajiya, kai da ita sai Juma'a."

"Duk wuraren haka suke, Tamsin. Ba yau kika fara zuwa daji ba."

"Na sani. Amma daga Wrenholt in wani abu ya taso, tasi ma ta isa ta kawo ta gida."

A nan ta ɗago ta dube ni ta saman gilashinta.

"Hutu za mu je, ba dawowa gida ba."

Mama ta ce, "Ni dai duk inda za ku kai ni, ku dawo da ni ranar Juma'a kafin duhu. Tuffa za su fara zubowa. Kuma ban saba barin babanku ya daɗe shi kaɗai ba."

Tokar gawar Baba, da aka ƙone bayan rasuwarsa, tana binne a ƙarƙashin bishiyar tuffa ta bayan gida. Kullum da safe Mama na fita da kofin shayinta ta tsaya a wurin, ta ba shi labarin maƙwabta da na ruwan sama da na wanda ya mutu a coci. Ko ƙanƙara ake yi sai ta fita.

Imogen ta rufe ido ta buɗe. Sai ta yi wannan muryar tata mai zaƙi, irin wadda ake yi wa yaron da ya ɓata wando.

"Mama, yau wace rana ce?"



"Imogen, haba," na ce.

"Tambaya ce kawai. Mama, wace rana?"

Mama ta goge bakinta da ƙyalle a hankali, ta ninke shi.

"Lahadi ce mana, tunda ga Tamsin a gidan. Ai ba ta san hanyar nan ba sai Lahadi."

Imogen ta fashe da dariya. Ni ma na yi, amma har cikin ƙirjina maganar ta soke ni. Haka Mama take, in za ta rama kan ɗaya sai ta haɗa da ɗayar.

Ta dafa tebur ta miƙe. "Bari in ɗauko muku rigar sanyina mai ruwan ɗorawa. Ita na saka ranar da ya faɗa ruwan. Da ita zan tafi."

"Bari, Mama, zauna!" Imogen ta yi zumbur. "Tana wajen wanki."

"Kin dawo da wankin jiya. Na ga jakar a ɗakin baƙi."

"To ni zan ɗauko miki anjima."

"Ƙafata ba ta mutu ba tukuna."

Ta kama ƙarfen bene ta fara hawa, taki ɗaya sai ta huta. Imogen ta bi ta da ido, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta fasa. Ta tattara faranti da ƙarfi ta yi kicin.

Ni kuma na ce bari dai in ga wannan Callowmere da ake yi mana ɗagawa a kansa. Na juyo da kwamfutar. Gaskiya wurin ya haɗu. Gidajen katako masu koren ƙofa, dogayen bishiyoyi, benci a gaban kowane gida, kurege a kan taga. Na danna shafin da ke kusa da shi, sai ga wani hoton. Katako iri ɗaya, koren ƙofa, benci, bishiyoyi.

"Gavin, wannan ma Callowmere ne? Ya fi ma kyau."

Bai ɗago ba.

Na matsa hoto na gaba. Doguwar baranda ce, an bi bangonta da ƙarfen dafawa. Na gaba kuma gado ne ɗan ƙarami mai shingen ƙarfe a gefe, ga jan igiya tana lilo daga silin. Sai a lokacin idona ya kai kan rubutun da ke sama.

Gidan kula da tsofaffi ne. Kuma a taswirar da ke ƙasa, ga shi nan a bakin hanyar da ta fito daga Callowmere.



Ban san lokacin da na isa kicin ba. Na turo ƙofa na rufe. Imogen na tsaye a bakin famfo da safar roba a hannu, tana cuɗa tukunya.

"Mene ne wancan a kwamfutarki?"

"Wa ya ce ki taɓa min kwamfuta?"

"Na ce mene ne?"

Ta ɗauraye tukunyar ta kife. Ko gezau ba ta yi ba.

"Tunda kin gani kin huta da ni. Ranar Juma'a in an tashi, ku sai ku kama hanyar gida. Ni zan ɗauki Mama a motata. Zan ce mata an ƙara mana kwanaki a wani ɓangaren dajin."

"Ki ce mata me?"

"Gini iri ɗaya ne, bishiyoyi iri ɗaya, har kuregen kamar 'yan gida ɗaya. Za ta riga ta saba da kwana a ɗakin katako, ta saba da buɗe taga ta ga daji. Na sha yawo kafin na samu dajin da ya yi kama da gidan."

"Wato ba dajin kika zaɓa ba."

"Gidan na fara zaɓa. Dajin ya biyo baya."

Jama'a, na rantse muku yadda take faɗa kamar tana ba ni labarin inda ta sayi labule.

"In ta gane fa?"

"Kafin ta gane ta riga ta shiga. Ƙofarsu da lambobi ake buɗe ta."

"Ba ki da wannan ikon, Imogen. Uwarmu ce mu biyu."

"Likita ya gan ta. Kuma ni ta naɗa wakiliyarta da hannunta, ba ke ba. Kin san dalili? Ranar da aka je wajen lauya kin ce kina da gyaran gashi."

"Ƙarya kike!"

"To ƙarya nake." Ta zare safar ta jefa cikin ruwa. "Amma bari in tambaye ki, 'yar lelen Mama. Wa ya shigo gidan nan ya tarar da gas a kunne, tana zaune tana kallon talabijin tana cewa wari daga maƙwabta ne? Wa ya same ta da asuba a gindin bishiyar can da rigar barci, ƙafarta ta yi shuɗi? Wa ke cire zanin gadonta in ta jiƙa shi, ta ce min ruwan sama ne ya shigo ta taga?"

"Ba ki taɓa gaya min ba."

"Kin taɓa tambaya? Ke dai ki zo Lahadi da furanni, ki sumbace ta a kumatu, ki ci kaza, ki ɗauki hoto, ki ce 'Kai, Mama tana nan da ƙarfinta.' Ni nake yi mata wanka da safen Lahadi don ki same ta da ƙarfin nata."

Idona ya kawo ruwa, kuma na tsani ta gani.

"To me ya sa kika sa ni bincike? Me ya sa kika bar ni ina ta wahalar duba murhu da kwamin ruwan zafi, alhali kin riga kin gama komai?"

"Don ki sami abin yi."

"Imogen!"

"Kuma don in ni na ce a je daji, za ta yi zargi. In ke kika zo da ƙasida kina washe baki, ba za ta yi ba. Ke ta yarda da ke." Ta taɓe baki. "Aƙalla dai kin yi wani amfani."

Da a ce mari ta yi min da ya fi min sauƙi.

"Gidan nan fa? Kayanta? Kujerar Baba?"

"Za a kwashe muna daji. In babu sabis, babu maƙwabciyar da za ta buga mata waya ta ce ta ga mota a ƙofa."

"Wa zai kwashe?"

Kallon bayana kawai ta yi.

Na juya. Gavin ne tsaye a bakin ƙofa da kwanonsa a hannu, bai ko iya haɗa ido da ni ba.

"Ba ki yi mamaki ba," in ji Imogen, "da ya ce aiki ba zai bar shi ya iso daji ba sai Alhamis?"

"Gavin?"

"Tam, ki saurare ni tukuna."

"Kai ne za ka kwashe gidan uwata?"

"Babbar mota kawai na ɗauko haya. Wani ne zai yi in ban yi ba. Gara na gida, wanda ba zai fasa mata tangaran ba."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun bazara."

Tun bazara! Mutumin nan yana kwance kusa da ni ina karanta masa yadda ake kawo burodi har ƙofa a Wrenholt, yana cewa "Ya yi kyau, masoyiya." Munafukin banza.

"Tokar Baba fa?" na ce.

"Ƙasa ce yanzu, Tamsin, ki girma mana," in ji Imogen. "Masu son sayen gidan ma sare bishiyar za su yi. Wurin ajiye mota suke buƙata."

"Imogen."

Ba ni na kira ta ba. Daga falo muryar ta fito.

Muka fita mu uku kamar yaran da aka kama da hannu a tukunya. Mama na tsaye a gefen tebur, tana haki saboda bene. Rigar mai ruwan ɗorawa na hannunta na dama. A ɗaya hannun ta rungumo tarin kaya, su rigar barci, safa, siket, har da 'yan kamfai. Ta zube su a kan ƙasidar Wrenholt.

Ta juya wuyan rigar ta miƙo mana. Wani ɗan farin ƙyalle ne ɗinke a ciki, da jan rubutu.

BERYL NAYLOR. ƊAKI 14.

"Mene ne wannan?"

Imogen ta yi murmushi. Wallahi har yanzu ina mamakin saurin da ta yi.

"Don wurin ninkaya ne, Mama. Kin san yadda kaya ke cakuɗewa a ɗakin canji."

"Da rigar barci ake ninkaya?"

"Na haɗa duka ne kawai."

"Da baƙar kwat ɗina ta zuwa jana'iza? Ita ma na gan ta a jakar. Ita ma ninkaya za ta yi?"



Mama ta shafa ƙyallen da babban yatsanta. "Na san wannan abin. Ba a ɗinka wa babba suna a wuyan riga sai in wasu ne za su riƙa wanke masa kaya tare da na mutum hamsin." Ta ɗago. "Ni na ɗinka wa uwata irinsa. Ɗinkina ma ya fi wannan kyau."

"Na sani," in ji Imogen. Murmushin ya ɓace. "Ina zaune a gabanki ina zura miki zare a allura."

Ni wannan labarin ban taɓa jin sa ba. Abin da na sani kawai shi ne kakarmu ta rasu a wani gida a bakin teku ina goye.

"Gaya wa Tamsin mana, Mama. Gaya mata yadda aka yi."

"Rufe min baki."

"Kin ce wa Kaka za mu je shan iskar teku. Ta saka hularta mai fure, tana ta murna. Kin tsaya a hanya kin saya mata askirim. Da muka isa kika ce mata otal ne." Imogen ta matso, tana magana a hankali, kalma bayan kalma. "Ina 'yar shekara tara. Hannuna ta riƙe a bakin ƙofa, sai da ma'aikaciya ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ke kina mota kin riga kin tayar da inji."

"Imogen, ya isa," na ce.

"Bai isa ba. A wajenki na koya, Mama. Kuma ni na fi ki tausayi. Ke askirim kika saya. Ni hutu zan kai ki, wuri mai tsada, da jikokinki, da kwamin ruwan zafi."

Na zaci Mama za ta faɗi. Na matsa don in tare ta, ta ɗaga min hannu. Ba ta yi kuka ba. Leɓenta ne kawai ke motsi.

"Lokacin da na kai uwata," ta ce, "ba ta san sunana ba. Ni na san naki."

"Yau kin sani. Ranar Talata Doreen kika kira ni."

"Ban kira ba."

"Doreen, ƙanwarki, wadda muka binne tun ina jami'a. Da safe kika kira ni Doreen, da rana kika ce ni ɓarauniya ce na shigo gidan uwarki. Kika jefe ni da kofi. Ga shatinsa nan." Ta ja hannun rigarta sama, sai ga tabo baƙi-baƙi a damtsenta.

"Ban yi ba," in ji Mama. Amma wannan karon muryar ta yi ƙasa. Ta juyo gare ni. "Tamsin, na yi?"

"Ban sani ba, Mama."

"Ina za ta sani?" Imogen ta ja tsaki. "Talata ce ai."

Mama ta daɗe tana kallon tabon. Sai ta ɗauki rigar mai ruwan ɗorawa ta saka, ta ɓalle maɓallan ɗaya-ɗaya, ta tsallake na tsakiya. Ta wuce mu ta shiga kicin. Muka ji ƙarar kabad, muka ji ana zazzage abu a kan teburin kicin, sai ƙofar baya ta buɗe.

"Yayyafi ake yi fa," in ji Gavin.

"Kai dai yi min shiru," na ce.

Ta taga muka gan ta. Gwangwanin biskit ne a hannunta, da babban cokalin miya. Ta isa gindin bishiyar tuffa, ta dafa jikinta, ta durƙusa da ƙyar, gwiwa ɗaya sannan ɗayar. Ta fara haƙar ƙasa da cokalin tana zubawa a gwangwanin. Bakinta na motsi, da shi take magana.

Na fashe da kuka, ba zan ɓoye muku ba. Na nufi ƙofa, Imogen ta riƙo hannuna.

"Ƙyale ta. Kalle ta da kyau, ki ga abin da nake gani kullum."

Na fizge hannuna. Kafin in kai, Mama ta riga ta kama reshe ta miƙe da kanta. Ta shigo da laka a gwiwoyinta, gashinta ya jiƙe ya manne a goshi. Ta danne murfin gwangwanin da tafin hannu. Ta wuce bakin ƙofar gida ta ɗauki jakarta ta rataya, ta juyo.

"Na ɗauko babanku," ta ce. "Tamsin, ɗakin da 'yarki Freya ta bari da ta tafi jami'a, yana nan babu kowa, ko?"

"Yana nan, Mama."

"Ba ni da ci. Ba na kunna talabijin da ƙarfi. Gas ma ba zan taɓa muku ba, in kun ce kar in taɓa." Ta gyara riƙon gwangwanin. "Na shirya."

Uwata ke nan, matar da ta yi shekaru tana shugabar makaranta, wadda in ta yi gyaran murya unguwa ke nutsuwa. Ita ce yau take min alkawarin ba za ta ci da yawa ba.

Na ji ƙarar ƙarfe a kan tebur. Gavin ne ya ajiye makullan motarmu a tsakanin kwanuka.

"Tam, ki dube ni."

Na dube shi.

"Na yi wannan da mahaifina. Kin ga yadda na koma. Na ɗauke shi, na wanke shi, na kwana a ƙasa a bakin ƙofarsa don kar ya fita titi, ya mutu yana kira na ɗan sanda. Na rantse ba zan sake ba, kuma da gaske nake." Idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Ga makulli nan. In ta shiga motar nan, ni ba zan shiga ba. Gidan ma ba zan koma ba."

"Aurenmu kake ɗorawa a kan tebur, Gavin?"

"Ke za ki ɗora. Ni na faɗa miki iyakata."

Imogen ta harɗe hannu ta jingina da bango. "To 'yar kirki, ga fili. Ki nuna mana yadda ake yi."

Na kalli mijina. Na kalli yayata. Na kalli Mama a bakin ƙofa, farin ƙyallen nan ya leƙo ta bayan wuyanta, ruwa na ɗiga daga gashinta a kansa.

Zuciyata ta ciyo ni. Na miƙa hannu na ɗauki makullan.

"Tam," in ji Gavin.

Ban waiwaya ba. Na je na karɓi jakar Mama, na buɗe ƙofar gida. Iska mai sanyi ta shigo.

"Mu tafi, Mama."

Ta saki wani murmushi, irin wanda rabona da in gani tun Baba na raye. Ta saƙala hannunta a nawa ta matse, ta kwantar da kanta a kafaɗata.

"Na san ba za ki bar ni ba, Doreen," ta ce. Sai ta rage murya, ta nuna falo da haɓa. "Amma kafin mu tafi, ki kori waɗancan mutanen. Ban san su ba, kuma uwarmu ba ta son baƙi a gidanta."

Makullan suka yi min nauyi a hannu.

A bayana na ji Imogen ta ja kujera ta zauna, ta jawo kwamfutarta.

"To, Doreen," ta ce. "Wrenholt ko Callowmere?"